Intel: Sarkin da wayar hannu ta girgiza wa karaga

Duk wanda ya leƙa shagon cajin waya a Kende ko cikin garin Bagudo zai tarar da Tecno da Itel da Infinix jere a kan katako, kowacce an manna mata lamba. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa yawancinsu, wadda masu gyara ke kira furosesa, ta kamfanin MediaTek ce na Taiwan ko Unisoc na Sin. Sunan Intel kuwa sai dai a gan shi a 'yar shuɗiyar takardar nan da ke manne a jikin kwamfutoci 'yan Kwatano. Alhali kamfanin ya shafe shekara 25 yana cin karensa babu babbaka a kasuwar furosesa.

Intel da babban abokin hamayyarsa AMD 'yan gida ɗaya ne. A 1968 Robert Noyce da Gordon Moore suka bar kamfanin Fairchild da ke Kalifoniya suka kafa Intel. Bayan shekara guda Jerry Sanders, shi ma daga Fairchild, ya kafa AMD.

Kamfanin IBM ne ya haɗa su zama da kishiya. Da ya fito da kwamfutarsa ta tebur a 1981, ya zaɓi ƙwaƙwalwar Intel, amma ya ƙi yarda ya dogara da mai kawo kaya guda ɗaya. Dole Intel ya ba AMD lasisin ƙera irin kayansa a 1982. Da kasuwa ta buɗe, sai Intel ya hana AMD zanen sabon samfurinsa mai lamba 386, aka yi ta shari'a har 1995. Tun daga 1992 Intel ya zama na ɗaya a duniya wajen cinikin irin wannan kaya, kuma bai sauka ba sai a 2017 da Samsung ya sha gabansa. A 2009 ma sai da ya biya AMD dala biliyan 1.25 don a kashe ƙarar da ke zarginsa da danne abokan gasa.

Ɓarakar ta faro ne lokacin da ciniki ke kan ganiyarsa. Sa'ad da Apple ke shirin fito da iPhone, wadda ta shiga kasuwa a 2007, an yi maganar Intel ya ƙera mata ƙwaƙwalwa. Shugabansa na lokacin, Paul Otellini, ya duba farashin da aka taya, ya ga ribar ba ta taka kara ta karya ba, ya ƙi sallamawa. A 2013, yana barin aiki, ya amsa da bakinsa cewa lissafinsu ya kuskure: an sayar da wayoyin ninkin-ba-ninkin abin da suka zata. Cinikin da Intel ya raina sai ya faɗa hannun masu amfani da zanen kamfanin ARM na Ingila, mai tsimin batir, da masana'antar TSMC ta Taiwan, wadda Morris Chang ya kafa a 1987 don ta riƙa ƙera wa wasu kayansu kawai. Da kuɗin wayoyi TSMC ya yi ƙiba, ya gina masana'antun da suka wuce na Intel ƙwarewa.

AMD, wanda ya kusa durƙushewa, ya rabu da masana'antunsa a 2009. Lisa Su ta karɓi ragamarsa a 2014, ta fito da samfurin Ryzen a 2017, daga baya ta miƙa aikin ƙira ga TSMC. Intel kuwa yana can yana fama da sabuwar fasahar ƙirarsa da ta yi ta jan ƙafa har 2019. A 2020 Apple ya fara cire Intel daga kwamfutocinsa, kamfanin Nvidia kuma ya wuce Intel daraja a kasuwar hannun jari.

Shekarar 2024 ta fi kowacce ɗaci ga Intel: asarar dala biliyan 18.8, sanarwar sallamar ma'aikata kusan 15,000, sannan shugaban kamfanin, Pat Gelsinger, ya sauka a watan Disamba. A Agustan 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin Intel. Wata guda bayan haka Nvidia, wanda aka kafa a 1993 don ƙera kayan wasannin bidiyo, ya sanar da zuba dala biliyan 5 a cikinsa.