Girka: Maganin Damuwa Kafin Zuwan Likitan Ƙwaƙwalwa

A Guna, kamar sauran ƙauyukan Damagaram, in damuwa ta kwantar da mutum, kalma ɗaya ake fara miƙa masa: hankuri. (Mu da "n" muke faɗinta, Kanawa kuwa haƙuri.) To, in hankurin ya ƙare fa?

Tun kafin Faransawa su ci Zinder a 1899, akwai hanyoyi biyu: rubutun malam, da girkar ƴan bori. Girkar ce ta fi ɗaukar mani hankali, saboda sunanta. "Girka" ai ɗora tukunya ne bisa wuta. Macen da ta daina barci, ta daina cin abinci, sai a keɓe ta kwanaki ana yi mata saiwoyi da turare, mai goge na kiɗa, mata na zagaye da ita. Ba a korar iskan. Sunansa ake nema, a san abin da yake so, ta koyi zama da shi. Ta fito da sababbin ƙawaye masu irin ciwonta.

Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin borin Maradi a littafinta na 1972. A Dakar ma, cikin shekarun 1960, likita Henri Collomb na asibitin Fann bai raina masu maganin gargajiya ba, ya riƙa tuntuɓarsu.

Yau wa'azi ya mai da girka abin kunya, likitan ƙwaƙwalwa kuwa sai a birni. Matar Guna an bar ta da kalmar nan ta farko.