Farashin da Kunne Ya Fara Ji

Yau labarin Daniel Kahneman zan ba ku, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a Tel Aviv a 1934, ya rasu a 2024. Shekaru ya kwashe yana binciken abin da ke karkatar da hankalin mutum idan zai yanke shawara, har ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002.

A 1974 shi da abokin aikinsa Amos Tversky suka bayyana wani gwaji. An juya wa mutane faifai mai lambobi, ya tsaya a kan 10 ko 65, sannan aka tambaye su: kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen 25, masu 65 suka ce wajen 45. Kun ji fa! Lambar da babu ruwanta da tambayar ita ta ja su.

Ni kam dillaliya na tuna. Da zarar ta kwance ƙunshi ta faɗi kuɗin atamfa, daga nan tayinki yake tashi. Ko rabi kika taya, rabin kuɗin da ta faɗa ne.