Waris Hussein da farkon shirin Doctor Who: abin da ya rage daga aikin darakta

A cikin takardun da ake rubutawa game da tarihin telebijin, sau da yawa sunan marubuci da na ƴan wasa ke fitowa, mai ba da umarni kuwa sai a ambace shi a layi ɗaya a wuce. Ko sunan sana'ar ma bai zauna da gindinsa ba a Hausa. Faransanci ya raba réalisateur da producteur, mu kuma wani sa'in mu ce darakta da furodusa kamar yadda ake faɗi a Kano, wani sa'in mu ce "mai shiryawa" mu haɗe su duka biyu. A wannan ƙasida za mu riƙe kalmar darakta, wato mutumin da ke yanke shawarar inda kyamara za ta tsaya da abin da ɗan kallo zai gani. Misalin da muka ɗauka shi ne Waris Hussein, wanda ya ɗauki kashin farko na Doctor Who, shirin almarar kimiyya na gidan BBC, a 1963. Abin da muke son nunawa shi ne: duniya ta san shi da aiki mafi gajarta a rayuwarsa, kuma fiye da rabin wannan aikin babu wanda zai iya kallonsa yau.

An haife shi a Laknau, arewacin Indiya, ranar 9 ga Disamba 1938, a gidan manyan Musulmi masu ilimi. Uwarsa ita ce marubuciya Attia Hosain, mai littafin Sunlight on a Broken Column na 1961. Iyalin sun koma Ingila dab da rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947, uwar ta zauna can da ƴaƴanta, ta yi aiki a sashen BBC mai watsa shirye-shirye zuwa Gabas. Yaron ya yi makarantar Clifton, ya karanta adabin Ingilishi a jami'ar Kambirij inda ya fara tsara wasannin daɓe, sannan ya shiga BBC a 1960 don koyon aikin darakta. Shi ne ɗan asalin Indiya na farko da ya riƙe wannan aiki a sashen wasan kwaikwayo na gidan. Ya fara da Compact, wani shiri mai dogon zango kan ma'aikatan mujallar mata.

Yana da shekara 24 aka ɗora masa Doctor Who. Ya kamata a duba waɗanda suka kewaye shi. Shugaban sashen, Sydney Newman, ɗan Kanada ne da BBC ta ɗauko daga telebijin mai zaman kansa a ƙarshen 1962. Furodusa, Verity Lambert, shekararta 27, kuma ita kaɗai ce mace mai wannan muƙami a sashen. Ke nan baƙi uku ne a gidan da tsofaffin ma'aikatansa suka san juna tun zamanin rediyo. Shirin kansa na yara ne, na yammacin Asabar, minti 25 kowane kashi, don cike gurbi tsakanin labarin wasanni da shirin waƙoƙi. Ba irin aikin da manya ke rububi ba ne, kuma an fara sa ran wani tsohon hannu, Rex Tucker, zai ɗauke shi.

Sai mu tsaya kan yanayin aikin, domin in ba a fahimce shi ba ba za a gane gwanintar ba. An ba su ɗakin ɗauka mai lamba D a Lime Grove, yammacin Landan: ɗaki matsattse, mai zafi, da tsofaffin kyamarori masu nauyi. Hoto baƙi da fari ne, mai layi 405. Ana naɗa a kan zaren bidiyo mai faɗin inci 2, wanda tsadarsa ta sa ba a son yanka shi. Saboda haka ana ɗaukar kashi guda a jere kusan kamar ana watsa shi kai tsaye. Darakta na zaune a ɗakin sarrafawa yana kiran kyamara ɗaya bayan ɗaya, ɗan wasa in ya yi tuntuɓen harshe sai dai ya ci gaba. Duk abin da ɗan sinima ke gyarawa a teburin haɗa fim, darakta na telebijin sai ya tsara shi a takarda tun kafin a kunna fitila.

Kashin farko, An Unearthly Child, wanda Anthony Coburn ya rubuta, ya nuna abin da Hussein ya yi da wannan ƙunci. Babu magana a buɗewarsa: ɗan sanda cikin hazo, ƙofar wani shagon tarkace ta buɗe da kanta, kyamara ta kutsa har gaban wata rumfar tarho ta ƴan sanda mai fitar da ƙara a hankali. Daga baya malamai biyu na hira kan ɗalibarsu Susan, wadda ta fi su sanin kimiyya amma ta ɗauka kuɗin Ingila na tafiya goma-goma ne (abin da bai faru ba sai 1971). A nan darakta ya sa kyamara a matsayin idon malamin, yarinyar na kallonmu kai tsaye. Sai babban lokacin: malama Barbara ta tura ƙofar rumfar, hoto ya yanke, ga ta cikin wani makeken ɗaki fari. Rubutu na iya cewa cikin jirgin ya fi wajensa girma, amma yankan hoton ne ya sa ɗan kallo ya yarda. A ganinmu, dukan shekarun da shirin ya yi daga baya a kan wannan yanka ɗaya suka tsaya.

An yi ɗauka ta farko ranar 27 ga Satumba 1963, Newman ya ƙi ta. Ƙofofin jirgin sun ƙi rufuwa suna ta bugun juna, kuma Dokta, wanda William Hartnell ya fito a matsayinsa, ya cika zafin rai. Aka sake ranar 18 ga Oktoba. Aka watsa ranar 23 ga Nuwamba, washegarin kisan shugaba Kennedy, mutane kimanin miliyan 4.4 suka kalla. Aka maimaita shi mako guda bayan nan. Sauran kashi uku na labarin a zamanin dutse suke, kan wata ƙabila da ta manta yadda ake kunna wuta. Hussein ya sha faɗin cewa rubutun bai burge shi ba, kuma mai nazarin harshe zai fahimce shi: mutanen kogo na magana da Ingilishi mai gajerun jimloli, bisa tsohon zaton nan cewa mai ƙarancin kayan aiki harshensa ma ƙarami ne.

Aikinsa na biyu kuma na ƙarshe a shirin shi ne Marco Polo, rubutun John Lucarotti, kashi 7, daga 22 ga Fabrairu zuwa 4 ga Afrilu 1964. Ya ɗauki 6, John Crockett ya ɗauki na huɗu. Labarin ayari ne a shekara ta 1289, daga tsaunukan Pamir, ta hamadar Gobi, zuwa fadar Kublai Khan, ana nuna tafiyar da taswira da muryar Polo yana rubuta littafinsa. Duk a cikin ɗaki aka yi hamadar. Turawa ne suka fito a matsayin yawancin manyan Mongol da Sinawa, al'adar gidan ke nan a lokacin, ko da daraktan ɗan Asiya ne.

Daga nan ya tafi. A 1965 ya ɗauki A Passage to India don BBC, tare da Zia Mohyeddin da Sybil Thorndike. Ya yi finafinan sinima, ciki har da A Touch of Love a 1969 da Melody a 1971. A 1974 ya sake haɗuwa da Lambert a Shoulder to Shoulder, kan gwagwarmayar matan Ingila don samun ƙuri'a. Edward & Mrs Simpson na 1978 ya kawo lambar BAFTA, Copacabana na 1985 ya kawo masa Emmy a Amurka, kuma a 1987 ya yi Intimate Contact kan cutar sida, lokacin da telebijin ke ɗari-ɗari da batun. Babu almarar kimiyya ko ɗaya a wannan jeri.

Marco Polo kuwa ya ɓace baki ɗaya. Dalilan ba boyayyu ba ne. Zaren bidiyo na da tsada, don haka ana goge shi a sake naɗa wani abu a kai. Yarjejeniya da ƙungiyar ƴan wasa ta taƙaita maimaita shiri. Da hoto mai launi ya zo a ƙarshen shekarun 1960, baƙi da fari ya rage daraja a kasuwa. Kwafin fim mai milimita 16 da sashen kasuwanci na BBC ya yi don sayarwa ƙasashen waje aka riƙa lalatawa a shekarun 1970, sai a 1978 aka tsayar da wannan. Daga cikin abin da ya rage na Marco Polo akwai sauti, wanda masu kallo suka naɗa a gida da rikodarsu, da ƙananan hotuna da wani mai suna John Cura ke ɗauka daga fuskar akwatin telebijin yana sayar wa ma'aikata. Hussein ya ajiye nasa, shi ya sa akwai hotunan kashi shida da ya ɗauka, babu na kashi na huɗu.

Wanda ya taɓa aiki da kaset ɗin tatsuniya ko na waƙar baka ya san wannan matsala. Sauti na riƙe kalmomin marubuci da muryar ɗan wasa. Hoto tsayayye na riƙe aikin mai tufafi da mai gina fage. Motsin kyamara da lokacin yanka, waɗanda su ne aikin darakta, ba sa cikin ko ɗaya. Saboda haka yabon da ake yi wa Marco Polo yabo ne na abin da mai yabon bai gani ba, sai ƴan tsirarun da suka kalle shi a lokacinsa.

Kwafin da aka sayar waje kan bi hannu-hannu daga wannan tasha zuwa waccan, kuma ba kowace tasha ce ta mayar ko ta ƙona ba kamar yadda aka umurta. A Oktoba 2013 BBC ta sanar cewa Philip Morris ya gano gwangwanayen fim a wata tashar telebijin a Jos, a Najeriya, da kashi 9 da aka ɗauka sun ɓace, na labarai biyu daga 1967 da 1968. Adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Huɗu daga cikin tara ɗin na The Web of Fear ne, aikin Douglas Camfield, wanda shi ne mataimakin Hussein a ɗakin Lime Grove a 1963. A watan da ya biyo baya BBC ta nuna An Adventure in Space and Time, wasan kwaikwayo kan kafuwar shirin, inda Sacha Dhawan ya fito a matsayin Hussein. Ba a samu ko kashi ɗaya na Marco Polo a Jos ba.