Me Ya Sa Manyan Gidajen Karkarar Ingila Ba Su Da Ganuwa?

Wani manomi mai sauraronmu daga Malumfashi ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce ya ga hoton wani katafaren gida a tsakiyar gonaki a Ingila, duk jikinsa tagogi, ba ganuwa ba ƙofar tsaro. To malam, ga amsarka.

A da can, manyan Ingila cikin gidajen dutse masu kaurin bango suke zama saboda yaƙi. Da yaƙin basasar neman sarauta ya lafa a 1485, sai tsoron hari ya ragu. Daga 1536 kuma Sarki Henry na Takwas ya shiga ƙwace gidajen ibadar ruhubanawa da filayensu yana sayar wa na kusa da fada. Wani bafade, John Thynne, fam 53 kacal ya biya ya mallaki wurin da ake kira Longleat. Gobara ta cinye gininsa a 1567, ya sake sabo, aka gama wajen 1580.

Salon kuwa daga Italiya ya samo asali, magina suka koya daga littattafan zane: a daidaita dama da hagu tsaf, a jera ginshiƙai, a buɗe manyan tagogi. Gilashi a lokacin tsada gare shi ainun, don haka yawan taga shelar arziki ce. Dubi Hardwick, wanda wata attajira, Bess, ta gina daga 1590 zuwa 1597. Sau huɗu tana aure, dukiya na ƙaruwa. Ta sa aka sassaƙa haruffan sunanta a kan hasumiyoyin gidan, kowa ya hango daga nesa. Sai dai fa da hunturu, sanyi ba a magana.

Akwai kuma neman fada. Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya takan fita rangadi da ɗaruruwan mabiya, wanda ta sauka gidansa shi zai ci da su. Christopher Hatton ya gina Holdenby domin tarbarta, ba ta taɓa zuwa ba, ya mutu a 1591 da bashi a wuya.

Kuɗin hayar gona da na ulun tumaki, wato gumin talakawa, su suka riƙe irin waɗannan gidaje. Daga baya haraji ya yi wa magada nauyi. Hardwick ya koma hannun hukumar adana kayan tarihi a 1959. Masu Longleat kuwa zakoki suka kawo a 1966, 'yan kallo suna biya su shiga.