Daga ƙidayar lanho zuwa ƙidayar tukunya

A zamanin mulkin mallaka, ƙidayar jama'a a ƙasar Nijar baiwar haraji ce. Kumandan ya sauka gari, mai gari ya lissafa magidanta da iyalansu da dabbobinsu, a rubuta cikin kundi, a yanka lanho da jangali. Don haka talaka ya koyi ɓoye ɗansa da saniyarsa, kundin kuwa ya cika da giɓi.

Sai a 1977 aka yi ƙidayar gama-gari ta farko, wadda ta sami mutum wajen miliyan 5. Aka sake a 1988 da 2001, sannan a 2012, inda adadin ya haura miliyan 17. Amma ƙidaya aiki ce mai tsada, kuma hukuma ba ta iya jiran shekaru goma kafin ta san halin lafiyar yara ko na cimaka. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu duka: hannu guda yake ɗiba, muddin buhun a gauraye yake.

Ga yadda ake ɗibar. Lokacin ƙidaya, ana yanka ƙasa ƙananan yankuna, kowane da taswirarsa da yawan gidajensa. Wannan jeri shi ne rumbun da bincike daban-daban ke ɗiba daga cikinsa: a zaɓi yankuna ta hanyar ƙuri'a, a sake rubuta gidajen kowane, sannan a zaɓi waɗanda za a tambaya. Haka aka yi binciken lafiyar iyali na 1992, 1998, 2006 da 2012. Da yake rumbun ɗaya ne, ana iya gwada sakamakon Tawa da na Damagaram.

Sai dai rumbu yana tsufa. Binciken rayuwar iyalai na 2011 ya dogara ne da taswirar 2001, alhali sababbin unguwanni sun tsiro a Yamai da Maraɗi, makiyaya kuma ba su zama inda aka rubuta su.

Akwai kuma maganar harshe. Abin da takardar Faransanci ke kira « ménage » ba shi ne gida ba: gida guda na iya ƙunsar magidanta uku, kowa da tukunyarsa. Mai bincike tukunya yake ƙirgawa. In ya kasa bayyana haka da Hausa, ko mai gida ya zaci ɗan lanho ne ya dawo, lissafin ya karkace tun daga zaure.