Burtali da Makiyaya a Tarihin Damargu

Tun zamanin kakanninmu an san Damargu da sunan rumbun Abzin. A nan ayarin raƙuma da ke tasowa daga Agadas zuwa Damagaram da Kano ke yada zango su sayi hatsi, daga nan kuma ake kai gashin jimina har Tarabulus. A watan Janairu na 1851 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa ƙasar tare da ayarin Abzinawa. A wancan lokaci daji yana da faɗi: manomi na da gonarsa, makiyayi na da hanyarsa, rijiya kuwa ta kowa ce.

Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka riƙa tura kai arewa. Saboda haka a ranar 26 ga Mayu 1961 gwamnatin Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda ta bi ta ƙasar Damargu, aka bar abin da ke bayanta ga masu kiwo. Farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobi da itatuwa, makiyaya da dama suka koma noma, burtali ya riƙa ƙuntata.

A 1993 aka fito da kundin dokokin karkara, wanda ya kafa kwamitocin kula da filaye, ya kuma tabbatar wa sarakunan gargajiya matsayinsu na masu sasanta manoma da makiyaya. Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa ƙaura da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, ta hana a mallake filin kiwo na al'umma.

Shekarar 2011 ta zo da sauyi biyu: Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka kuma buɗe matatar mai ta SORAZ a yankin Bakin Birji. Cigaba alheri ne, amma yakan sa fili ya yi daraja, mai hali ya so ya killace shi.

Ya ku manyan ƙasa da talakawa, amanar da magabata suka bari ita ce a san iyakar kowane burtali, a kafa masa alama, a bar tabki da rijiya a buɗe ga kowa. Filin da aka sayar a yau ba ya dawowa ga jikoki. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya ba mu damina mai albarka.