Kurungu: Ƙirar Jikinsa da Tarihin Rarraba Shi

Kurungu kifi ne na kogunan Afirka, ɗan'uwan tarwaɗa da ragon ruwa, wanda masana ke kira Synodontis, a dangin Mochokidae. Ana samunsa a Nilu da Neja da Kwango, da kogunan da ke malala zuwa Tafkin Chadi. Cikinsu har da kogin Kano, wanda ke gangarowa ta dajin Falgore a yankin Doguwa da Tudun Wada, ya taru a madatsar Tiga ta Bebeji.

Jikinsa ba ɓawo irin na karfasa. Sulkensa a ka yake: wani faffaɗan ƙashi ya rufe kan tun daga goshi har gindin ƙayar baya, sannan wani ƙashin mai tsini ya miƙe a kowace kafaɗa. Ƙayoyinsa uku ne, ɗaya a baya, biyu a gefe masu haƙora kamar zarto. In ya ji tsoro sai ya miƙe su, su kulle a gaɓa, ya gagari mai haɗiya. Shi ya sa masunci kan karya ƙayar kafin ya zare shi daga raga. Ƙugin da yake yi in an kama shi a hannu kuwa, gindin ƙayar gefe ne ke goga ƙashin kafaɗa.

Masanan farko na Turai sun cusa shi cikin rukunin Silurus tare da tarin kifaye masu gashin baki. Haka Bloch da Schneider suka yi wa nau'in schall a 1801. Cuvier, Bafaranshe, ya ware wa kurungu rukuninsa na Synodontis a 1816. A 1832 Rüppell ya bayyana nau'in batensoda, mai iyo a rigingine da baƙin ciki, wanda Misirawan dā suka zana a bangon kaburbura. Daga baya Bleeker ya fitar da shi zuwa rukunin Brachysynodontis, amma yawancin masanan yau sun maido shi Synodontis. Aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne na Max Poll, ɗan Beljiyam, a 1971, wanda ya bi siffar ƙashin kafaɗa da yawan haƙoran ƙasa da rassan gashin baki wajen tantance nau'o'i. Yanzu sun haura 120.

Kifaye masu cikakken sulke tun daga kai har wutsiya kuwa, wato Loricariidae da Callichthyidae, 'yan Kudancin Amurka ne, kuma dangantakarsu da kurungu ta nesa ce.